Dusar da Ke Zuba daga Zarton Baba

Azumin bana ya zo mana da sauƙi har ina jin kunyar in ce na yi azumi. Da safe wata iska mai ɗan sanyi take shigowa ta tagar ɗakina a nan Kudai, unguwarmu a Makka, ta ɗaga labule ta wuce. Da rana ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ban cika kunnawa ba. Sai ka ji an kira magariba maƙogwaronka bai gama bushewa ba. Jikokina na wajen babban ɗana, wanda nake zaune a gidansa, tun azahar suke fara kukan ƙishirwa. Ni kuwa in dube su in ce Allah ya shirye ku, ku da firji biyu a gida.

Ranar sha ɗaya ga wata, bayan la'asar, ina zaune ina naɗe sambusa sai waya ta yi ƙara. Maimuna ce, autata, wadda muke kira Muna. Shekara uku ke nan da aure ya kai ta Kanada, yanzu kuma tana ɗauke da cikin fari, wata bakwai. A can gari bai daɗe da wayewa ba. Na gan ta a fuskar wayar ta jibga riga a kan riga, idanunta kaɗai ne a waje, in ta yi magana tururi yana fita daga bakinta.

"Umma, ki taya ni zaɓe," in ji ta. Hausarta ta 'yan Makka ce, rabi Larabci, amma in da ni take magana tana ƙoƙartawa. "Inji za mu saya na kwashe talji daga ƙofar gida. Wallahi shebur ya gama da bayana."

"Shebur? Da wannan cikin kike ɗaukar shebur? Ina mijin naki?"

"Ga shi nan. Amma jibi zai tafi, kin san aikinsa."

Na sani. Sagir babbar mota yake tuƙawa, in ya fita sai ya yi kwana goma bai dawo ba. Yaron kirki ne, ɗan Zariya, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. A can kuma, in ji su, duk ran da taljin ya zuba, wato farin abin nan mai sanyi da ke saukowa daga sama, dole kowa ya share hanyar motarsa da hanyar masu tafiya a ƙasa da ta bi ta gaban gidansa. In ka bari wani ya zame ya faɗi, kai za a kama.

Ta juya wayar ta nuna mini hotuna biyu. Ni dai abin da na gani baro ne mai bututu a ka. Ɗaya mai waya ne, a soket ake jona shi, ba shi da nauyi kuma ba ya gajiya, amma duk inda ka nufa igiyar tana biye da kai. Ɗayan mai batir ne, babu igiya, sai dai ya fi nauyi, sanyi kuma yana cinye masa caji da wuri. Akwai mai shan fetur, amma wannan sun ajiye shi gefe, warinsa yana tayar mata da zuciya.

"Ni ina na san wannan, Muna? Ni da ko taljin ban taɓa gani ba sai a talabijin."

"Ki dai faɗa. Ai ke ma za ki bi ta hanyar."

To, ga inda maganar take. Ba inji ne ya sa ta kira ni ba, ni da ita duk mun sani. Tun kafin azumi suka gama mini takardu, biza ta fito, tikiti rana kawai yake jira a sa masa. So suke in zo bayan salla in zauna da ita har ta haihu, in yi mata jego. Ni kuwa duk lokacin da ta tayar da zancen sai in ce insha Allahu, irin wadda ake faɗa ana kallon gefe.

Ba ƙin 'yata nake yi ba, Allah ya sani. Tsoro nake ji, kuma bari in faɗe shi ƙarara. Na doshi sittin, ga suga ga hawan jini. Iyayena shekaru suka yi a hanya, ta Chadi, ta Sudan, su tsaya su yi ƙwadago su ƙara gaba, don kawai su zo su zauna a garin nan su mutu a cikinsa. Sun samu. Mijina ma ya samu. Ni da aka shigo da ni a goye, yanzu da tsufana sai in ɗauki ƙafata in fita, mutuwa ta je ta same ni inda ƙasa take daskarewa? Ban taɓa gaya wa Muna haka ba. Ita a ganinta gwiwata ce matsalar, shi ya sa take ta fafutukar gyara mini hanya.

Sai Sagir ya leƙo ta bayan kafaɗarta, ya gaishe ni kansa a ƙasa. "Hajiya, bana dusar ƙanƙarar ce ta yi yawa. Jiya kaɗai ta kusa kai gwiwa."

Sambusar da ke hannuna ta faɗa cikin tire.

"Me ka ce?"

"Dusar ƙanƙara, Hajiya."

"Wa ya gaya maka wannan sunan? Muna, ke kika gaya masa?"

Suka dubi juna. Muna ta ce ita ba ta taɓa jin kalmar ba sai a bakinsa. Sagir cikin ladabi ya ce ai haka ake kiranta, ko a rediyo haka suke faɗa. Ikon Allah! Ni kuwa na yi shekara arba'in da 'yan kai ina ɗauka kalmar gidanmu ce, Babana ne ya ƙirƙiro ta, ta kuma bi shi kabari. Mu a nan talji muke cewa, da na cikin kofi da wanda ke zubowa daga sama duk talji ne. Har na buɗe baki zan tambaye shi wa yake yi musu aikin zarto haka har ta kai gwiwa, sai na kama kaina. Na ce musu mai yana ƙonewa a wuta, na kashe wayar. Babu komai a kan wutar.

A shekarun da nake magana, azumi a tsakiyar zafi ya faɗo. Wanda bai yi irin wannan azumin a Makka ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Baƙaƙen duwatsun nan su wuni suna shan rana, in ta faɗi su fara amayo ta. Tantabaru su buɗe baki su lafe a inuwar bango, ka zo har kusa ba su tashi ba. A unguwar Hindawiyya muke a lokacin, can saman tudu, ɗaki biyu na bulo da rufin kwano, inda mota ba ta zuwa, sai dai ka hau matakala ka ratsa lunguna. Wuta tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Firji kuwa a gidan masu hali muke ganinsa. Da hantsi mata su jiƙa zannuwa su rataye a ƙofa, kafin a yi azahar sun bushe ƙayau, a sake jiƙawa. Unguwa ta yi tsit, kowa a kwance, ba barci ba kuma ba ido biyu ba, kana jin ƙarar kwanon rufi yana miƙewa a saman kanka.

Babana ƙanƙara yake sayarwa. Da azahar mota take sauke masa manyan gumagumai a bakin titi, a gindin tudu, kowanne ya kusa tsawona na lokacin. Ya ja su da ƙugiya zuwa 'yar rumfarsa, ya kwantar da su cikin garin katako, ya lulluɓe da buhunan algarara. Daga la'asar mutane su fara zuwa da bokiti da tawul, kowa yana son guntun da zai jefa a ruwan buɗa-baki. Sai ya yaye buhu, ya share garin katakon da tafin hannu, ya ɗora zarto.

Ni ina da shekara goma sha biyu, aikina shi ne garin katakon. Da safe in shanya jiƙaƙƙen jiya a tsakar gida, in dinga juya shi da ƙafa, da azahar in ɗauko busasshen a ka in sauka da shi. Jiƙaƙƙen gari cin ƙanƙara yake yi, in ji Baba. A shekarar ce kuma na fara kai azumi har magariba ba tare da na zagaya bayan randa ba.

In zarto ya shiga, wani farin abu yake zubowa ta gefe biyu, mai laushi, ya taru a kan buhu. Ran da na fara tambaya, Baba ya dangwalo shi da yatsa ya ce, "Dusa ce, Rakiya. Kin ga in an surfa gero akwai abin da yake fita? To, ƙanƙara ma tana da dusarta." Manomi ne shi kafin ya kamo hanya, duk abin da ya gani sai ya mai da shi gona. Ba a sayar da ita, wa zai saya? Kafin ka miƙa wa mutum ta zama ruwa. Saboda haka tawa ce. In tara ta a tafin hannu in shafa a wuya da fatar ido, in lumshe, in ji garin gaba ɗaya ya yi nisa, da hayaniyar masu saye da ƙarar motoci. Baba bai ɗago kai daga zarton ba zai ce, "A wuya, Rakiya. Ba a baki ba."

A gida kuma Inna tana da tsohon ciki. Kwana shida ta yi tana azumi da ƙarfin hali, ran na bakwai jiri ya kayar da ita a gindin murhu, Baba ya rantse ba za ta ƙara ba sai dai ta rama. Daga nan ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, zazzaɓi ya riƙa zuwa da rana, kuma duk abin da ta sa a baki sai ya dawo, har ruwa. An kai ta asibiti, aka ba ta magani, aka ce ta sha ruwa da yawa ta guji zafi. Ta guji zafi! A ƙarƙashin kwano, a Makka! Girki ya dawo kaina, in dama kunu in ɗora shurba, romon alkamar nan na buɗa-baki, in kai mata ta kau da kai. Wata rana na ji maƙwabciyarmu tana gaya wa Baba a ƙofar gida cewa in ba a samu abin da zai zauna mata a ciki ba, za a rasa ɗaya, ko duka biyun.

Ni ce da surutuna na jawo abin da ya biyo baya. Ina yi mata fifita ina ba ta labarin dusar nan, yadda take zuba, yadda take ɓacewa kafin ka gama jin ta. Inna ba ta taɓa sauka rumfar ba, ba ta taɓa ganinta ba. Ta buɗe ido ta ce, "Kawo mini in gani. Ita nake jin zan iya haɗiya." Tun daga ranar ba ta da wata magana sai wannan. Guntun da Baba yake tahowa da shi da yamma ba ta iya tsotsa, haƙoranta ba sa ɗauka. Na daka shi a turmi, ya zama tsakuwa da ruwa. Na kankare shi da wuƙa, na yanke yatsa. Dusa ta gaskiya sai a babban gungume da dogon zarto, zarton kuma guda ɗaya ne, yana can gindin tudu.

Sai na fara gudu. In riƙe kwanon sha a ƙarƙashin zarto har ya cika ya yi tsororo, in kifa faifai a kai, in kwasa. Matakala, lungu, wata matakalar, siminti yana ƙona ni ta cikin silifa, harshena ya manne a dasashi. Ina jin yadda take sauyawa a cikin kwanon. Da farko shiru, sannan ta fara motsi, kafin in kai ƙofa tana kaɗawa tana fantsalo mini a hannu. In ɗaga faifai a gaban Inna, ruwa ne, da ɗan garin katako yana yawo a kai. Ta duba ta yi murmushi da busassun leɓɓanta ta ce, "Dusarki ta sake guduwa, Rakiya." Ta kurɓa don kada in ji ciwo, ba a jima ba ya dawo.

Washegari na naɗe kwanon da jiƙaƙƙen buhu. Washegarinsa na binne shi cikin bokitin garin katako. Na gwada kwano cikin kwano. Na sake hanya, na bi ta bayan gidan burodi don ta fi kusa, ashe ta nan zafin tanda yake fitowa. Ran na biyar na yi tuntuɓe a matakalar ƙarshe, ga ƙofar gidanmu ina gani. Kwanon ya gangara yana ƙara har ƙasa, ruwan ya bushe a kan siminti ina kallo. Na tsince shi na koma rumfar ina kuka, kukan ma babu hawaye, jikina ba shi da ruwan da zai yi su.

Baba ya dube ni, ya dubi gwiwata tana jini, ya dubi kwanon da ya lotse. Masu saye sun yi layi har bakin titi, saura gungume ɗaya cikakke a ƙarƙashin buhu, kuma wannan ne lokacin da ya wuni yana jira. Ya ce musu da Larabcinsa na kasuwa, "Halas, ta ƙare." Suka ce ina ta ƙare, ga ta nan muna gani! Ya naɗe gungumen da buhu biyu, ya ɗaure da igiya, ya durƙusa ya ɗora shi a baya. Ya ce da ni, "Ɗauko zarton."

Siririn mutum ne Babana, ga azumi a bakinsa tun asuba. Ina biye da shi, rungume da zarton da ya fi hannuna tsawo. Ruwa yana bin rigarsa yana ɗiga a matakala, ban san wanne ne gumi wanne ne ƙanƙara ba, kowane ɗigo kuma kafin in taka shi ya ɓace. Sau uku ya tsaya ya jingina da bango, bai sauke ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana tambaya ko biki ake yi a sama. Ya ci gaba da hawa yana haki.

Ya shiga ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfen Inna, wanda suka taho da shi tun daga gida, ya ɗora gungumen a kai yadda bakinsa zai zarce saman tabarmar da take kwance. Ya yi bisimilla ya fara. Ba manyan gunta yake yankawa ba irin na sayarwa. Kusa da kusa yake sa zarton, don dai ya yi ta tafiya.

Rana ta sunkuya, haskenta yana shigowa ta wata 'yar ɓula a bango. Dusar ta fara zuba ta cikin hasken nan. A hankali take saukowa tana juyawa, wata ta narke tun a iska, wata ta sauka a goshin Inna, a girarta, a kan cikin. Ɗakin da ya wuni yana gasa mu ya yi wani irin shiru, ba ka jin komai sai zarto yana zuwa yana dawowa. Wani ƙamshi ya tashi, na jiƙaƙƙen buhu da jiƙaƙƙiyar tabarma, irin wanda muke ji sau ɗaya ko biyu a shekara in an yi yayyafi. Har yau in na rufe ido ina iya tsayar da ita a tsakiyar iska in yi ta kallo. Inna ta buɗe baki. Ta haɗiye. Muka jira, bai dawo ba. Na tara a cokali na ba ta, ta sake haɗiyewa, ta ce in ƙara.

Na ɗora tafin hannuna mai sanyi a goshinta. Sai ta kama wuyan hannun ta riƙe gam, idonta a rufe, ta ce, "Iya? Kin zo?"

Iya ita ce mahaifiyarta, wadda ta baro a ƙauyensu a ƙasar Kano tun tana amarya, ba su sake ganin juna ba. Na ce, "Ni ce, Inna. Rakiya ce." Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, ba kuma da Baba ba. "Haihuwa uku na yi, biyu na binne a hanya, ko ɗaya Iya ba ta riƙe ni ba. Na samu Makka, alhamdu lillahi. Amma yau hannunta nake so."

Zarton ya tsaya. Na ɗaga kai na ga Baba ya juya fuskarsa bango. Shi ne ya taho da ita. Can sai ya ci gaba da yanka, bai daina ba har gungumen ya ƙare. Igwar buɗa-baki ta tashi muna tsugune cikin ruwa, mu uku, ba mu ko ɗora komai a wuta ba.

Daga ranar kullum sai Baba ya raba gungume ɗaya biyu, ya hau da rabi da azahar kafin masu saye su taru, ya yanka mata, ya sauka. Kunu ya fara zama mata, sannan shurba. Kwana tara bayan salla ta haifi ƙanena lafiyayye, wanda har ya yi furfura 'yan unguwa Talji suke kiransa. Ni da maƙwabciyarmu muka yi mata jegon. Ni na hura wutar ruwan wanka, ni na dama kunun kanwa, ban iya ba, ta sha haka nan. Da alhazai suka zo a shekarar, wani mutumin ƙauyensu ya nemo gidanmu ya kawo ƙullin daddawa, ya kuma gaya mata Iya ta rasu tun damina biyu da suka wuce. Inna ta karɓi ƙullin ta yi godiya. Ta shiga ɗaki ta zauna a kan akwatin nan har la'asar.

Daga baya firji ya shiga kowane gida, Baba ya rataye zarton ya koma sayar da carbi, kalmar ma ban sake jin ta ba. Ni kuwa duk haihuwar da na yi Inna tana gefena, hannunta a goshina, har ta Muna. Ban taɓa ɗanɗana ciwon da ta faɗa a ranar nan ba, don ba ta bari na ɗanɗana ba.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune da tiren sambusa a gabana. Na sha ruwa a ranar ban san me na ci ba. Washegari da hantsi na sa aka kai ni Harami, na zauna ina kallon Ɗakin Allah, ina cewa ya Rabbi, ka san abin da nake so, ka kuma san abin da nake tsoro. Kwanon nan kawai yake ta dawo mini. Shekara uku ina aika wa Muna yaji da kanwa da dabino, ina bin ta da addu'a ta waya, ita kuma tana buɗewa tana cewa na gode Umma, don kada in ji ciwo. Ashe har yanzu gudu nake yi a matakala.

Bayan la'asar ni na kira. Ta ɗauka tana tsaye a ƙofar gida, abin yana zuba. Na ce ta juya wayar in gani da kyau. Na sha ganin talji a talabijin, amma ban taɓa kallonsa ina sane da sunansa ba. A hankali take saukowa tana juyawa, a kan mota, a kan rassan itace, a kan hular Muna. Ita ce, wallahi ita ce. Babu zarto, babu gumi, babu wanda ya hau tudu da ita a baya. Gari guda ake yanka wa, su kuma suna neman injin da zai watsar da ita gefe.

"Ɗebo a hannu ki matse," na ce. "Ta dunƙule ko ta watse?"

"Ta watse, Umma."

"To busasshiya ce, ba ta da nauyi. In kika ga tana dunƙulewa ta sha ruwa ke nan, nauyinta ya ninka. Wannan kada ki taɓa ta ko da inji, ki jira mijinki. Kuma ki share da wuri tun ba a tattaka ta ba, in ta daskare ta koma dutse."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke da kika ce ba ki sani ba?"

"'Yar mai ƙanƙara ce ni, ke ce ba ki san uwarki ba. Kira mini mijinki."

Sagir ya zo. Na tambaye shi, mai batir ɗin nan sai an tura shi da ƙarfi ne? Ya ce akwai wanda tayoyinsa suke juyawa da kansu, riƙe shi kawai ake yi ana bi. Hanyar tasu fa, nawa ne tsawonta? Ya ce tsawon mota biyu a jere, sai 'yar hanyar gaban gida. Caji ɗaya zai gama ta? Ya ce zai gama, in dai a ɗaki aka ajiye batirin inda akwai ɗumi, ba a gareji ba. Amma shi, in ji shi, mai waya ya fi kwanta masa a rai, don ba ya mutuwa a tsakiyar aiki kuma ya fi sauƙin ɗagawa.

"A'a," na ce. "Mai batir za ku saya."

"Me ya sa, Umma?" in ji Muna.

"Igiyar nan mana. Kina sharewa tana kwance a hanya, ta nutse ba a ganinta. Ni da sanda nake tafiya, idona kuma ba na da ba ne. Ba zan tsallake teku lafiya in zo igiyar inji ta harɗe ni a ƙofar gidanki ba."

Sagir ne ya fara ganewa. Na ga ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya zame ya bar mu. Muna ta yi tsaye, dusar tana taruwa a kafaɗarta.

"Umma," ta ce, muryarta ta koma ta yarinya. "Da gaske?"

"Insha Allahu," na ce, ina kallon tsakiyar idonta.

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba. Yana nan zaune a ƙirjina har yanzu da nake wannan magana. Amma ƙasar da za ta karɓe ni an riga an rubuta ta ba da shawarata ba, ita kuwa yarinyar nan wata biyu ya rage mata, kuma uwarta tana da rai.

Ta share ido da bayan safar hannu. Ta ce sai dai in hanzarta, bayan salla da 'yan makonni za ta fara narkewa, in na yi jinkiri ba abin da zan tarar sai taɓo.

"Ni za ki gaya wa halinta?" na ce. "A sa mini tikitin kwana uku bayan salla. In kina sharewa, ki bar mini gefen ƙofa, kada inji ya taɓa shi. Kuma ki ajiye mini cokali."

"Cokali kuma? Na me?"

"In na zo kya gani."

Da na ajiye wayar ban koma kan girkin ba. Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfen Inna daga ƙarƙashin gado, na ɗaga zannuwanta, na ciro kwanon sha ɗin nan lotsattse. Na goge shi da gefen mayafina na sa a jakar tafiya, tun kafin magani, tun kafin rigunan sanyi. Wannan karon daga ƙofa zuwa gadonta taku goma ne, ba sai na yi gudu ba.